Akwatin Wutar Kwamfuta: Inda Araha Ke Jawo Asara

Masu harhaɗa kwamfutar wasa karon farko sukan zuba jarinsu a katin hoto, sa'an nan su nemi akwatin wuta mafi araha. Alhali wannan akwati, wato PSU, shi ke rage wutar gida mai volt 230 zuwa volt 12 da manyan sassa ke sha. In ya ƙone, yana iya tafiya da su.

Katin RTX 4060 wat 115 yake ja, amma kamfanin Nvidia ya ba da shawarar akwati mai wat 550. Tambarin 80 PLUS, wanda aka soma a 2004, shaidar tsimin wuta ce kurum, ba ta kariya ba. A Nijeriya, inda ake yawan sauyawa tsakanin wutar layi da janareta, wajibi ne mai saye ya karɓi takardar garanti, ya kuma haɗa da na'urar UPS.