Ƙarni, zarni da warin mai: abin da hanci ke gaya wa fasinjan jirgin ruwa

Ƙasar Arewa ba ƙasar kogi ba ce. Daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, abin da ake da shi shi ne Dallol Mawri, tsohon kwarin kogin da ya daina gudu tun zamanin da babu mai tunawa, sai fadamu da tafkunan damina da gonakin rake. Ɗan Tibiri zai iya girma har ya yi aure bai taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ne ya sauya wannan ga 'yan ci-rani. Da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, mai zuwa Kwatano ko Lome sai ya sauka daga mota, ya ɗora kayansa a ka, ya shiga kwale-kwale. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, fito ya ci gaba da zama hanya.

Abu biyu ke fara tarbar baƙon ruwa: rawar jirgi da wari. Rawar ana tsoronta. Warin kuwa sai a toshe hanci da bakin rawani ko gyale, a ce tafiya ce. Alhali shi ne ke fara tona asirin jirgi tun kafin ido ya ga komai.

Bahaushe bai taɓa tara wari a kwando guda ba. Ƙarni na kifi ne da jini, zarni na fitsari, ƙauri na abin da ke ƙonewa, ɗoyi na abin da ya ruɓe. A cikin jirgi kowanne yana da inda yake fitowa, kuma ba duka ne ke da haɗari iri ɗaya ba.

Ƙarnin kifi da na banda, wanda ya fi damun fasinja, shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Yana kama tufafi, iyakarsa ke nan. Wanda ya fi shi nauyi yana ƙarƙashin katakon da ake takawa. Babu jirgin katako da ba ya ɗan tsatsar ruwa, shi ya sa za ka ga yaron jirgi riƙe da yankakkiyar jarka yana kwalfewa. Wannan ruwa yana haɗuwa da baƙin man inji, da fitsarin awaki, da hatsi da albasar da suka zube daga buhuna, rana ta dafa su. Jirgin da ke tashin irin wannan ɗoyi ya daɗe ba a wanke cikinsa ba, kuma mai jirgin da bai duba ƙasan jirginsa ba da wuya a ce ya duba sauran.

Sai warin fetur. Tururinsa ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya baje, kwanciya yake yi a ƙasan jirgi, daidai inda aka jera jarkoki. Idan warin ya yi ƙarfi jirgi yana tsaye, akwai jarka ko tiyon da ke yoyo. A nan karan sigari ɗaya ko garwashin mai shayi ya isa.

Jiragen masu kuɗi ma ba su tsira ba

Mai karatu da ke zaune a Masar ko Turai zai iya cewa wannan zancen kwale-kwale ne. To, jiragen yawon shaƙatawa da ke kai-komo a kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, tafiyar kilomita fiye da 200 da ake yi cikin kwana uku ko huɗu, da waɗanda ke bin kogunan Rhine da Danube, otal-otal ne a kan ruwa, da ɗakuna da na'urar sanyaya iska da wurin cin abinci. Amma wari na cikin ƙorafe-ƙorafen da fasinjojinsu suka saba yi, kuma dalilin ba boyayye ba ne.

Otal na kan tudu yana tura ƙazantarsa cikin bututun gari ko rami ya manta da ita. Jirgi kuwa da ita yake tafiya. Bahayar mutum ɗari ko ɗari biyu, da ruwan wanka da na wanke-wanke, duk tanki suke shiga a ƙasan jirgi. Yawancin jiragen zamani suna amfani da masai mai zuƙa, irin na jirgin sama, wanda ke cin ruwa kamar lita ɗaya a kowane amfani. Ana tattalin ruwa, amma abin da ke taruwa a tanki yana da kauri. Idan iska ba ta shiga tankin yadda ya kamata, ƙwayoyin cutar da ke rayuwa ba tare da iska ba sai su fara fitar da wata iska mai suna haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tankin yana da bututun numfashi da ke fitar da ita waje. Jirgi na gudu, ba a ji. Ya tsaya a tasha, iska ta juya, sai ta komo ta taga ko na'urar sanyaya ɗaki ta zuƙe ta.

Akwai kuma lanƙwasar bututun da ke ƙarƙashin wurin wanka da na wanke hannu, wadda ke riƙe ɗan ruwa ya toshe hanyar wari. Ɗaki ya kwana biyu babu kowa, ruwan ya bushe, ƙofa ta buɗe. Wannan kam maganinsa kofin ruwa ne a zuba a magudanar. Abin mamaki, ruwan kicin mai maiƙo da guntun abinci yakan fi na masai ɗoyi idan ya kwana a zafi.

Hayaƙi kuma daga maƙwabci yake zuwa. A tashoshin Nilu da na Turai wurin tsayawa ya yi kaɗan, jirage sukan jeru gefe da gefe, har fasinja ya ratsa ta cikin jirgi biyu ko uku kafin ya taka ƙasa. Kowanne janaretansa na aiki dare da rana. Mai ɗaki a hawan ƙasa, ta wajen bayan jirgi, shi ke shaƙa. Don haka ne birane irin su Amsterdam da Kolon suka kafa wuraren da jirgi zai jona wutar gari ya kashe injinsa.

Inda wari ke zama ajali

Haidirojin salfaid tana da mugun hali. Tana kaɗan, hanci na jin ta. Idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan na iska, sai ta kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta wuce alhali ƙaruwa ta yi. A watan Satumban 2005, ma'aikata uku na jirgin Monarch of the Seas sun mutu a tashar Los Angeles ta Amurka suna gyaran bututun ƙazanta, wannan iska ce ta kashe su. Jirgin teku ne, amma tanki tanki ne. Masu yasar masai da masu shiga tsohuwar rijiya a garuruwanmu sun san irin wannan mutuwa ko da ba su san sunan iskar ba.

Ita kuwa kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin inji ba ta da wari ko kaɗan. Alamarta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, waɗanda fasinja kan ɗora wa rawar ruwa. Duk wanda ke zaune kusa da inji a ƙarƙashin tamfol ya ji haka, ya matsa zuwa inda iska ke kaɗawa.

Jirgin da ba ya wari, ina ya kai tasa?

Jiragen Turai suna fama da tanki ne saboda doka ta hana su zubarwa. Yarjejeniyar CDNI, wadda Jamus da Faransa da Holan da Beljiyam da Luksamburg da Suwizalan suka sa wa hannu a 1996, ta fara aiki a 2009, ta hana manyan jiragen fasinja zuba ruwan ƙazanta a kogi. Ko su tace shi a cikin jirgi, ko su sauke a tasha. Masar ma tana da doka mai lamba 48 ta 1982 da ta hana jirage zuba ƙazanta a Nilu. Wato wani ɓangare na warin da mai yawon shaƙatawa ke kuka da shi, kuɗin tsabtar kogi ne yake biya da hancinsa.

A kogin Isa lissafin ya juya. Manyan kwale-kwalen da ke doguwar tafiya, irin na Mopti zuwa Tumbutu a Mali, masansu ɗan keɓe ne a bayan jirgi da rami a katako, kogi na wucewa a ƙasa. Babu tanki, babu bututu, babu wari. Fasinja ya huta, mai ɗiban ruwa a gaba ya karɓa. Ruwan da aka kwalfe da baƙin mai a ciki shi ma can yake tafiya.

Adalci dai, jirage ba su ne manyan masu laifi ba. Abin da kwarin Gunti Yena ke kwasowa daga unguwannin Yamai ya zuba a kogi ya fi na kwale-kwale dubu. Amma kogin ne Yamai ke sha ta matatar Gudel, kuma jihar Dosso na cikin waɗanda kwalarar 2021 ta shafa. Hukumar raya kogin, ABN, mai ƙasashe tara da hedikwata a Yamai, ta amince da kundin kare ruwa tun 2008. Kundi yana kan takarda, mai jirgi kuwa ko ya so riƙe ƙazantarsa sai an gina masa inda zai sauke ta a bakin gaɓa.

Daga Gaya kogin ba ya nisa yake shiga jihar Kebbi, ya bi ta Yawuri ya faɗa tafkin Kainji, inda Sarkawa ke kama kifin da ake bandawa a mayar kasuwannin tudu a kwali.