Targaɗen Soja: Yadda Ake Neman Fanshon Naƙasa

Daga Briketeri, unguwar Hausawan Yawunde, zuwa Etudi inda fadar shugaban ƙasar Kamaru take, tafiya ce ta 'yan mintoci a tasi. Amma tsohon sojan da idon sawunsa ya lalace a bakin aiki kan shafe shekaru kafin gwamnati ta amince a rubuce cewa tana da alhakin ɗingishinsa. Yawunde kuwa gari ne na hawa da gangara, mai ciwon ƙafa ba ya mantawa da ciwonsa ko na yini ɗaya.

Idon sawu mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku: biyu na ƙwauri, da wani ƙarami da ke zaune a kan ƙashin diddige, jijiyoyi suna ɗaure da su. Mafi yawan targaɗe yana faruwa ne idan ƙafa ta lanƙwashe ta ciki, jijiyoyin gefen waje suka miƙe ko suka tsinke. Soja yana yawan haɗuwa da wannan. Mai dirowa da laima a sansanin Kutaba, da mai hawa duwatsun Mandara da kaya a baya tun da yaƙin Boko Haram ya shigo Kamaru a 2014, da wanda ya yi zama cikin taɓon Bakasi, duk nauyinsu a kan wannan 'yar gaɓa yake sauka. Idan ba ta warke da kyau ba, sai ta riƙa gocewa a kai a kai, guringuntsi ya cinye, bayan shekaru amosanin gaɓa ya kama ta.

To, a nan gizo ke saƙa. Wanda harsashi ya sama, kowa ya gani, an rubuta. Wanda ya yi targaɗe kuwa, ɗaure takalmi yake ƙara yi ya bi sahu, don kada a ce masa rago. In ya samu hutu ya je wurin mai ɗori, a ja, a shafa magani, a naɗe da ƙyalle. Sau da yawa ƙafar takan yi sauƙi, ba a raina gwanintar masu ɗori. Sai dai mai ɗori ba ya ba da takarda, hukuma kuma takarda take karantawa. Tambayarta ta farko ba "yana yi maka ciwo?" ba ce. Tambayar ita ce: a ina ka ji raunin, wace rana, kana bakin aiki ne, wa ya rubuta? Rahoton shugaban rundunarsa da bayanin likitan soja na wannan lokaci su ne jarin mai nema. Wanda ba shi da su, sai ya koma neman tsofaffin abokan bariki su yi masa shaida.

Tsarin auna naƙasa da kaso cikin ɗari, wanda ƙasashen da Faransa ta raina suka gada, ya kafu ne da dokar Faransa ta 31 ga Maris 1919, bayan yaƙin duniya na farko. Likitoci su duba mutum, su yanka masa kaso, kuɗi ya biyo kason. A dokar Faransa, rauni sai ya kai kashi 10 cikin 100 kafin a biya komai, kuma in raunin mai iya warkewa ne, fanshon farko na wucin gadi ne, na shekara uku, sannan a sake dubawa. Amurka kuwa ta ƙididdige abin dalla-dalla. A wurinta lafiyayyen idon sawu yana ɗagowa sama digiri 20, yana miƙewa ƙasa digiri 45. Ragin motsi matsakaici kashi 10 ne, mai tsanani kashi 20, in gaɓar ta sandare gaba ɗaya ana iya kaiwa kashi 40. Aibin ma'auni shi ne sau da yawa ana gwada mutum ne yana zaune a kan gado ya huta. Ƙafar da ta kumbura da la'asar bayan an hau tudu, likita bai gan ta ba. Gwiwa da ƙugu da suka fara ciwo saboda karkacewar tafiya su ma suna cikin lissafi, in mai nema ya san ya ambace su.

Kamaru tana da hukumar kula da mazan jiya, ONACAM, kuma tun 2011 akwai ƙaramin minista a ma'aikatar tsaro mai kula da sha'aninsu. Idan an hana mutum, ko an yanka masa kason da bai gamsu da shi ba, dokar kotunan mulki ta 2006 ba ta yarda ya zarce kotu kai tsaye ba. Dole ya fara rubuta wa hukumar da ta yanke hukuncin takardar neman ta sake duba lamarin. In ta yi shiru wata uku, shirun nan ƙi ne a idon doka, daga nan yana da kwana 60 ya shigar da ƙara. Mutanenmu sun saba ɗaukar shirun babba a matsayin "ana dubawa", sai su yi ta haƙuri har wa'adi ya wuce su.

Kakannin sojojin yau sun sha wadda ta fi wannan ɗaci. Bayan hafsan sojan Faransa Leclerc ya sauka Duwala a watan Agustan 1940, 'yan Kamaru da Cadi sun bi shi cikin hamada suna yi wa Faransa yaƙi. Amma a ƙarshen Disamban 1959, kwanaki kaɗan kafin 'yancin Kamaru, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta raina. Na Bafaranshe yana hawa da tsadar rayuwa, na Ba'afirke yana nan inda aka bar shi, alhali rauni ɗaya ne, kaso ɗaya. Ɗaukaka ƙara ce ta warware wannan ƙulli, a hankali ƙwarai. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba Ibrahima Gueye da wasu tsofaffin sojojin Senegal fiye da 700 gaskiya. A Nuwamban 2001 babbar kotun mulki ta Faransa ta ce an nuna wa wani tsohon saje, Amadou Diop, wariya, amma shi hukuncin ya tarar da shi a kabari. Sai a Janairun 2007 aka daidaita fanshon naƙasa, sauran fanshon kuma a 2011, shi ma da sharaɗin mutum ya rubuta ya nema da kansa, ko matar da ya bari ta nema.