Tsohuwar Mota, Sabon Aiki

A ƙasar Ingila akwai waɗansu mutane masu sha'awar sayen tsofaffin motocin alfarma su farfaɗo da su. Cikin waɗanda suke nema har da Rolls-Royce Silver Cloud, wadda aka ƙera daga 1955 zuwa 1966. Ƙofofinta na alminiyon ne, ba su yin tsatsa, amma akasarin sauran jikin ƙarfe ne. Saboda haka gwani ba ya ruɗuwa da ƙyallin fenti, sai ya kwanta ƙarƙashinta ya duba. In tsatsa ta ci gindin, kuɗin gyara yakan zarce na saye. Ga inji, ga fatar kujeru, ga katakon gaban direba, kowanne da mai sana'arsa. Akan yi shekaru kafin ta hau titi. Araha dai ba ta ado.