Ɗan Dako da Mai Zuwa Jim: Wa Ya Fi Motsa Jiki?



Sau da yawa za ka ji ana cewa, "Ai talaka ba ya buƙatar motsa jiki, wahala ta ishe shi." Shin haka ne?

Bari mu fara daga Landan. A 1953, wani likita mai suna Jerry Morris ya fitar da bincike kan ma'aikatan bas mai bene. Direba yini yake a zaune, kwandasta kuwa hawa da sauka yake yi yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Daga nan aka fara gane cewa aikin da kake yi yana taɓa zuciyarka.

To ke nan duk aikin ƙarfi magani ne? A'a fa. A 2021, wani bincike a ƙasar Denmak kan mutane sama da 100,000 ya nuna cewa motsa jiki a lokacin hutu yana rage haɗarin ciwon zuciya, amma yawan aikin ƙarfi a wurin sana'a ƙara shi yake yi.

Me ya sa? Mai zuwa jim yakan yi minti 40, ya yi gumi, ya yi wanka, ya huta. Shi ya zaɓi lokaci, shi ya zaɓi nauyi. Ɗan dako kuwa, ko mai turin baro, ko ɗan ga-ruwa, awa takwas ko goma yake yi yana ɗaga kaya, hawan jini na sama, ba hutun kirki. Idan bayansa na ciwo ma dole ya fita, don in bai fita ba, ba a ɗora tukunya.

Akwai kuma waɗanda sana'a ta ɗaure a kujera ba tare da ta ba su kuɗin jim ba: tela, direban adaidaita, mai POS.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Idan aikinka na zama ne, tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar ta biya. Idan na ƙarfi ne, abin da jikinka ke nema shi ne hutu, barci, ruwa, da gwajin hawan jini.

Kai fa, wane rukuni kake? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.