Kotun da Ke Tura Direba Neman Magani

A Amurka, wajen kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa a kan titi suna rasa ransu ne a hatsarin da akwai direba mai maye a ciki. A 2022 kaɗai sun haura mutum 13,000. Galibin jihohi sun haramta tuƙi ga wanda giya ta kai kashi 0.08 cikin ɗari a jininsa, jihar Yuta kuwa ta sauko da nata zuwa 0.05 a 2018.

Sai dai alƙalai sun daɗe suna ganin mutanen da suka hukunta jiya suna dawowa gabansu. A ci mutum tara, a ƙwace lasisinsa, a ɗaure shi, ya fito ya koma gidan jiya. Wanda shaye-shaye ya zame masa jiki, ɗauri kaɗai ba ya raba shi da shi. Shi ya sa aka buɗe kotun 'yan ƙwaya ta farko a Mayami a 1989, daga baya aka kafa irinta domin direbobi.

A wannan kotu ba a yanke hukunci a sallami mutum. Alƙali na sa shi zuwa wurin masu ba da magani da shawara, ana gwada fitsarinsa ba zato ba tsammani, yana kuma dawowa gaban alƙalin nan a kai a kai, sau da yawa fiye da shekara. Wasu ana ɗaura wa motarsu na'ura, ba za ta tashi ba sai sun hura numfashi an tabbatar ba giya. Jihar Dakota ta Kudu ta ƙara tsananta sa ido tun 2005: safe da yamma mutum zai je ofishin 'yan sanda ya hura bututu. In an sami giya, nan take a tsare shi kwana ɗaya ko biyu.

Gwajin masu shan ƙwaya ya fi wuya, domin wiwi kan daɗe a fitsari bayan maye ya saki mutum.

Abin da ke damuna shi ne kuɗi. Mai laifi ne yawanci ke biyan kuɗin gwaji da na na'ura, ga shi an karɓe lasisinsa. Talakan da ke ƙauye, ba motar haya, yana iya daina shan da gaske, amma rashin abin hawa ya hana shi zuwa gwaji, a rubuta ya saɓa umarnin kotu.