Jigo a kan dusar ƙanƙara: yadda ƴan zamiya ke haɗa abin ɗaukar bidiyonsu da bututu da noti

Daƙiƙa biyu zuwa uku, iyakar abin da ɗan wasan zamiyar gwaninta ke yi a sama ke nan idan ya bar tudun tsalle. A cikinsu zai yi alkafura, ya juya, ya kamo allon da ke ƙafarsa da hannu, ya saki, ya nemo ƙasa da ido, ya sauka. Mai riƙe da kamara kuma cikin waɗannan daƙiƙoƙi zai ci ko ya faɗi. In ya kuskure, sai ɗan wasan ya sake hawa dutse ya maimaita tsallen da kan iya karya masa ƙafa.

Wasan na ƙasashen sanyi ne: tsaunukan Alp na Faransa, Suwizalan, Ostiriya da Italiya, da kuma Kanada, Amurka, Nowe da Japan. Mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya gangaro kan dusar ƙanƙara. Masu tsere agogo ne ke raba musu gardama. Masu gwaninta kuwa kallo ake yi: tsalle, juyi, zamewa a kan ƙarfen matakala. Wani reshen wasan ya fara samun lambar yabo a Olamfik a 1992 a Albertville ta Faransa, wasu rassan biyu suka shiga a Sochi a 2014, babban tsalle guda kuma ya shiga a Beijin a 2022, inda aka gina tudun a harabar wata tsohuwar masana'antar ƙarfe. Amma tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka fito da alluna masu lanƙwasa gaba da baya waɗanda ke ba mutum damar sauka da baya, yawancin sunan da ake yi a wannan wasa a bidiyo ake yin sa. Matashin da ba shi da faifai mai kyau, kamfanonin kayan wasa ba za su san da zamansa ba, balle su ɗauki nauyinsa.

A nan matsalar take. Kamarar da aka kafa a wuri guda tana rage tsalle. Wanda ya yi daƙiƙa biyu a sama, bisa lissafi ya tashi kusan mita biyar, amma a allon waya sai a gan shi kamar ɗan tsuntsu ya gifta farin fili. Dusar ƙanƙara ba ta da alamar da ido zai auna tsawo da ita. Idan kuwa kamarar ta taso daga ƙasa tare da shi, tudun ya riƙa nutsewa, itatuwa da duwatsun baya suna motsi, sai mai kallo ya ji tsawon a cikinsa. Manyan kamfanonin fim da injin ɗaga kamara suke yin wannan, wanda hayarsa kaɗai ta fi ƙarfin matasa huɗu da suka yi karo-karo suka sayi tikitin hawa dutse. Ko kyauta aka ba su ma, wa zai ɗauke shi a kafaɗa zuwa bisa tsauni?

Shi ya sa da yawa suke ƙera nasu a garejin gida. Duk wanda ya taɓa ganin jigo a lambu ya riga ya san ƙirar: doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, nauyi a baya. A cire guga a sa kamara, an gama. Sandar bututun alminiyam ce mai kamar mita uku, wadda akan yanka gida biyu ko uku don ta shiga jakar baya. Gwafar ita ce mazaunin kamara mai ƙafa uku. A mahaɗar ana sa ƙusa mai noti da boris, wanda sau da yawa daga tayar takalmin gudu ko allon zamiyar kwalta ake ciro shi, don sandar ta tashi ba tare da tangarɗa ba.

Lissafin nauyin na ɗan firamare ne, amma shi ne ran aikin. Kamara mai kilo biyu a nisan mita biyu daga mahaɗa tana bukatar kilo huɗu a wutsiya mai mita ɗaya. A gajarta wutsiyar zuwa rabin mita, sai a nemi kilo takwas, ban da nauyin bututun kansa. A ɗakin fim faifan ƙarfe ake jerawa. A kan dutse babu mai son hawa da ƙarfe, don haka jakar baya ce ke zama nauyin: a zuba mata gorunan ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya, da abinci da duk tarkacen da aka zo da shi, a rataye. Idan ma'aunin ya daidaita, yatsa biyu sun isa su ɗaga kamara daga ƙasa zuwa mita uku. Idan bai daidaita ba, hannu ne zai yi dakon bambancin, kuma duk rawar da hannun ya yi sai ta fito a hoto.

Akwai abu guda da jigon lambu bai damu da shi ba, na kamara kuwa dole ya damu. Guga a rataye take, duk yadda sanda ta karkata bakinta na kallon sama. Kamarar da aka ɗaure a kan sanda tana karkata tare da ita: a ƙasa tana kallon dusa, a sama tana kallon gajimare, ɗan wasan ya ɓace. Maganin shi ne a ƙara sanda ta biyu siririya, ko wayar ƙarfe irin ta birkin keke, a jere da babbar, mai tsawo daidai da ita, an haɗa su gaba da baya da gajerun ƙarafa biyu masu tsawo ɗaya. Kowace kusurwa babbar sandar ta ɗauka, farantin da kamara ke kai yana nan a miƙe. Bambancin santimita ɗaya wajen huda ramukan ya isa ya sa hoton ya riƙa sunkuyawa a hankali. Masu gaggawa a nan suke faɗuwa, su koma suna zargin kamara.

Sauran wahalar ta dutsen ce. Ƙafafun mazaunin suna nutsewa a dusa, sai an tattake wurin ko an shimfiɗa katako ko allunan zamiya a ƙarƙashi. Iska na kaɗa doguwar sanda kamar karan dawa. Sanyi na shanye batir, shi ya sa ake ɓoye na ajiya a aljihun ciki kusa da jiki. Ƙarfe mai sanyi kan kama fatar hannu in da danshi, sai a naɗe mariƙin da salatif ko tsohon tiyub. Kuma mai jan wutsiya yana mita uku daga kamararsa, ba ya ganin abin da take gani sai ya haɗa ɗan allo a kusa da hannunsa. Wanda ba shi da allon, gilashi mai faɗin gani yake sawa, ya yi gwaji sau da dama da tudun babu kowa, ya haddace inda hannunsa zai tsaya.

Lokaci shi ne abin da ba a saya a shago. Dole sandar ta fara tashi kafin ɗan wasan ya bar tudu, ta isa sama lokacin da ya kai ƙololuwa, ta tsaya a hankali. Dole kuma ta kasance a gefe, nesa da hanyarsa. Mutumin da ke juyi a sama ba shi da birki, kuma bututu mai kamara a ƙarshensa makami ne.

Wannan ɗabi'a ta ƙirƙira da abin da ke hannu daɗaɗɗiya ce a fim ɗin zamiya. Lokacin da ake ɗaukar fim ɗin James Bond na 1969 a Suwizalan, Bajamushe Willy Bogner, wanda ya yi tsere a Olamfik, riƙe kamara ya yi a hannu yana gangarowa da baya a gaban ƴan wasan. Wanda ya kai abin matuƙa a zamanin wayar hannu shi ne Nicolas Vuignier, ɗan zamiyar gwaninta daga Suwizalan. A watan Fabrairun 2016 ya saki wani gajeren bidiyo inda kamara ke zagaye shi yana tsakiyar tsalle, dusar da ya taso tana rataye a iska, irin hoton da fim ɗin The Matrix na 1999 ya jera kamarori fiye da ɗari kafin ya samu. Shi kuwa iPhone 6 ce ɗaure a igiya yake wulwulawa a saman kansa kamar majajjawar korar tsuntsu a gona. Ya sa wa abin suna Centriphone. Igiyar ce ta zama sandar jigo, ƙarfin juyawa ya miƙar da ita, wani ɗan mazauni mai fukafukai kuma ya hana wayar birkicewa, idonta na kansa. Kusan shekara biyu ya yi yana gyara ƙirar. Wayar na ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, wato tsallen daƙiƙa biyu ya zama hoto 480, wanda in aka kunna shi a hoto 30 a daƙiƙa zai ɗauki daƙiƙa 16 yana tafiyar hawainiya. Miliyoyin mutane sun kalli bidiyon, daga baya ya saki zanen ƙirar kyauta ga duk mai son haɗa tasa.

Mai karatu zai ce, to ina dron, ɗan jirgin nan marar matuƙi da ake gani har a bukukuwan aure? Yana nan, kuma ya ƙwace aiki mai yawa. Sai dai dutse bai cika maraba da shi ba. Ranar 22 ga Disamban 2015, a Madonna di Campiglio ta Italiya, wani dron mai ɗauke da kamarar talabijin ya faɗo ya tarwatse a bayan zakaran Ostiriya Marcel Hirscher yana tsakiyar tsere, da ƙyar ya sha. Hukumar wasan ta duniya ta haramta shi a gasanninta a lokacin, kuma ko da ya dawo daga baya, wuraren zamiya da yawa har yanzu ba sa barin kowa ya tayar da shi sai da izini. Ga iska, ga sanyin da ke rage masa mintunan tashi, ga ƙarar da ke cika makirfo.

Jigon bututu ba ya cin batir, ba ya ƙara, kuma yana iya kawo kamara dab da bakin tudu ya maimaita motsi ɗaya sau ashirin. Iyakarsa a fili take: ba ya bin mutum gangare, tsalle guda yake gani, kuma sauya masa wuri na nufin a kwance noti da yatsun da sanyi ya daskarar, a sake tattake dusa, a sake auna jaka. Ƙungiyoyin matasa kan ware masa tudu ɗaya da suka fi yarda da shi, su jira hasken yamma lokacin da inuwa ke fito da tudu da kwarin dusa, sauran gangaren kuma su bar wa kamarar hular kwano da abokin da ke bi a baya.