Wuce Gona Da Iri Wajen Ƙawata Tsofaffin Motoci: Nazari Daga Ƙasar Dutse

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bayyana inda ado ya tsaya, da inda ɓarna ta soma, a sana'ar gyara tsofaffin motoci. Mun ɗauki misalanmu daga motocin katako da ke zirga-zirga tsakanin Kwanar Huguma da Dutse da kasuwar Shuwarin, har zuwa Birnin Kudu.

Da farko dai ya kamata mu tuna cewa irin waɗannan motoci, kamar Bedford da Mercedes 911 wadda ake kira roka, ba direba ne kaɗai ke da hannu a kamanninsu ba. Kafinta shi ke ɗora bodin katako, mai walda ya ɗaure shi, sannan mai fenti ya zana furanni ko zaki, ya rubuta karin magana a goshi. Wannan fasaha ce, kuma ba ita muke suka ba.

Abin da muke kira wuce gona da iri kashi uku ne. Na farko, adon da ke hana aiki, wato tara madubai da tuntaye da takardun liƙi a gilashin gaba har direba ya kasa ganin hanya sosai. Hukuma ma ta lura da haɗarin rufe gilashi, domin a shekarar 1991, shekarar da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa, aka kafa dokar hana baƙin gilashi ba tare da izini ba. Na biyu, adon da ke ƙara nauyi: idan aka ƙara wa bodi tsawo, aka jibga ƙarafa a samansa, nauyin mota ya koma sama, sai ta yi saurin kifewa a kwana. Wannan shi ne kyan ɗan maciji. Na uku, adon da ke shafe asali, kamar a yanke jikin Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, a liƙa mata fitilun wata mota dabam.

Wannan matsala ba tamu ce kaɗai ba. A Kalifoniya ta Amurka, cikin shekarun 1950, 'yan'uwan nan Sam da George Barris sun yi suna wajen rage tsawon rufin Mercury ƙirar 1949 zuwa 1951. Abin lura shi ne, kyan aikin nasu na farko ya fito ne daga ragi: cire tarkace suka yi, suka daidaita jiki.

Daga ƙarshe, muna ba da shawara a auna kowane ado da tambayoyi biyu: shin ya rage wa motar amfani? Shin ana iya cire shi ta koma yadda take? Fenti dai ana iya kankare shi, amma ƙarfen da aka yanke ba ya komawa kamar da, ga shi kuwa ba a sake ƙera irin waɗannan motoci.